Littafin da Inna Ta Sa a Banda

Bana ma ruwa ya shigo mana gida. Ba abin mamaki ba ne, duk wanda yake zaune a Haɗejiya ya ce bai san ambaliya ba, to baƙo ne. Ta zaure ya biyo, ya yi kwanakinsa a tsakar gida, ya ja da baya ya bar mana taɓo da wari. Aka fiffito da tabarmi da katifu. Cikin abin da ya jiƙe har da jakar makarantar jikata Jidda, wadda ta wurga ƙarƙashin gado kamar yadda ta saba.

Rana kuwa ta ƙi fitowa. Ina zaune a bayan gida gaban bandata ina juya tarwaɗa, sai ga ta da littattafai a hannu suna ɗigar ruwa.

"Tsoho mai ran ƙarfe," in ji ta, don haka take tsokanata, "tunda rana ta yi yaji, ka sa mini su a bandarka mana su bushe."

Wasa take yi, na sani. Amma na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, har littafi guda ya suɓuce mata ya faɗa taɓo. Uwarta ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ba lafiya ba ce. Yarinyar ta fama mini wani miki ne da ya haura shekara hamsin, ita kuwa ba ta ma san da shi ba.

Ni ba a garin nan aka haife ni ba. A wata tungar masunta na tashi ta wajen Guri, gidaje 'yan kaɗan a kan tudu, fadama ta kewaye mu. Makarantar boko tana babban ƙauye a ƙetaren ruwa. Da rani da ƙafa muke zuwa, da damina sai a jirgi.

In na ga abin da ke cikin jakar Jidda sai in riƙe baki. Biro kala-kala, yau ta ɓatar gobe a saya. Mu da silet muka fara, baƙin allo mai bakin katako, ka goge shi da yawu da hannun riga. Fensirinsa in ya ƙare har yatsa ba ya iya riƙewa, sai ka cusa guntun a cikin sillen kara ka ci gaba da rubutu. 'Ya'yan tsamiya muke ƙulle wa a tsumma don lissafi, in yunwa ta matsa ka tsotse su tukuna. Da muka girma aka ba mu alƙalami mai bakin ƙarfe, da kwalbar tawada a cikin ramin benci, ka tsoma ka rubuta, ka danna takardar bulota ta shanye tawadar. Duk wanda ya koma gida da tabon tawada a yatsa, ai sai ya yi ta ɗaga hannu a gaban mutane don a gani. Jakata ta kaba ce, Inna ta saƙa mini da hannunta, ta yi mata marfi. Wallahi har yau in na ji ƙamshin sabuwar takarda sai gabana ya faɗi.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ba ta faɗar sunana. Kunyar ɗan fari a wurinmu ba abin wasa ba ce. "Kai" take ce mini, in kuma da wasu take magana ta ce "ɗan makarantar nan". Ko wani Habu ne daban ya shigo gidan, sai ta yi kwana ta ce "mai sunan wancan". Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi wa kowa.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe aka kawo mana sabon hedimasta daga birni. Malam Mai Agogo muke ce masa a ɓoye, don ba ya gama magana bai dubi tsintsiyar hannunsa ba. Farin takalmi yake sawa a ƙasar da akuya ma take tafiya da taɓo har gwiwa. Shi ne ya zaɓi yara 'yan kaɗan da za su zauna jarrabawar shiga sakandare a Haɗejiya, ni kaɗai ne daga tungarmu. Ya ba kowannenmu babban littafin karatu na Turanci, sabo fil, da hatimin gwamnati a shafin farko, ya ce mu tafi da shi gida mu yi ta bita.

"Amma ku ji da kyau," in ji shi. "Wanda ya ɓata littafin gwamnati, sunansa ya ɓata. Zan cire shi in sa wani."

Ranar da na kai shi gida, sai da Inna ta wanke hannu da toka kafin ta taɓa. Ta juya shi, ta shinshina, ba ta ma san ta riƙe shi a kife ba. Ta nemo takardar buhun siminti a wurin wani ɗan koli ta yi masa riga. Ta ce wa ƙannena, "Duk wanda ya kusanci jakar ɗan makarantar nan da hannun miya, ni da shi ne."

Daminar ta fara da kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Gero ya kai ƙirjin babba, dattawa suna cewa bana sai an ƙara rumbu. Sai kogi ya fara cika. Kullum da safe Baba zai je ya duba karan da ya kafa a bakin gaɓa, kullum ya tarar ruwa ya haɗiye shi. Aka fita gayya, maza da mata, ana tara ƙasa ana tare bakin fadama, ƙwarya a ka, taɓo har ƙugu. Ruwan sama yana dukanmu ta sama, kogi yana turowa ta ƙasa. Wata safiya muka tashi babu gona, sai kan gero nan da can yana leƙowa daga ruwa. Bayan kwanaki shi ma ya kwanta, ya fara wari.

Daga nan yunwa ta kafa sansani. Tsohon hatsin da ke gindin rumbu ya jiƙe ya yi tsami, muka cinye shi a haka. Katangu suna zubewa, ɗaki ya zama na mutum da kaji da kwaɗi. Sauro kuwa, kai, a bar maganar. Mata suka shiga ruwa tsinkar bado, a fasa kan, a shanya 'ya'yan in an samu rana, a daka a yi tuwo. Tuwon bado yana cika ciki, amma kafin la'asar za ka ji kamar ba ka ci komai ba. Tafasa muka ci har harshenmu ya yi kore.

Baba ya ɗauki jirginmu ya bi sauran maza ta wajen Nguru, wai can kifi ya fi taruwa. Aka bar Inna da mu. Ni nake kafa tarko da yamma in duba da safe, ita ta yi banda, ranar kasuwa ta kai a ba ta gero a madadinsa. Kifin nan shi ne ranmu. Itace kuma ya fi kifin wuya, don komai ya jiƙe. Ƙwallon goruba muke tsinta da busasshen kashin shanu, Inna ta ɓoye su a ƙarƙashin gado kamar wasu kayan aure.

Duk da haka ban fasa makaranta ba. Tunda babu jirgi sai na koma gora, irin babbar nan da masunta ke kwanciya a kai. In tuɓe, in naɗe riga da jaka in cusa a ciki, in toshe bakin, in kwanta a kai ina tuƙi da hannu. Haka nake zuwa, cikina babu komai sai kunun bado, idona yana ganin duhu-duhu a aji, amma bitata ba ta taɓa faɗuwa ba. A raina na riga na ga kaina a Haɗejiya da farin wando.

Wata Alhamis ina dawowa, hadari ya taso mini a tsakiyar ruwa. Iska ta kwashe ni ta maka gorar a kan kututturen bishiyar da ruwa ya rufe. Na ji ƙas! Kafin in ankara ta dare. Na fizgo jakar na kama ta da haƙori na yi iyo har gaɓa. Rigata ta tafi, ban ko waiwaye ta ba. Da na buɗe jakar a bakin ruwa, littafin ya sha har ya ƙoshi.

Ina kuka na shiga gida. Inna ta karɓa ta duba, ta ɗaga kai ta dubi sama. Babu alamar rana, kuma ta san in aka bar shi ya kwana biyu a haka, shafukan za su manne su yi fumfuna. Ta je gaban banda ta kwashe kifin da ke kai, ɗanye-ɗanye, ta zuba a ƙwarya. Ta shimfiɗa sabon asabari, ta ɗora littafin.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma ni ɗin nan a banda na tsufa. Ta rage wutar har ba ka ganin harshenta, sai ɗumi da siririn hayaƙi, irin wanda ake yi wa ƙananan kifi irin su kawara don kada su ƙone. Ta samo gashin zabo tana zura shi tsakanin shafi da shafi, ta ɗaga a hankali, ta jira ya sha iska, ta juya. Idonta ya yi jawur, hawaye na zuba, tana tari, ba ta tashi ba sai don salla. Ta yini, washegari ma ta yini. Ƙwallon gorubar da ta ɓoye duk ta ƙone su a kansa. Kifin da ta sauke rabinsa ya lalace, ranar kasuwar nan ba mu samu gero ba, ƙanwata ta yi ta kukan yunwa.

Littafin ya bushe ƙarau. Ya kumbura, ya koma launin tsohuwar ƙwarya, yana ƙamshin tarwaɗa. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Kai, duba mini. Akwai abin da ya gudu a ciki?"

Na bi shi shafi-shafi. Ko harafi ɗaya bai ɓace ba, har hatimin gwamnati yana nan raɗau.

"Babu, Inna. Duk suna nan."

Ta yi murmushi ta ce, "To alhamdu lillahi." Tun da ruwa ya ci gonarmu ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Da aka koma makaranta na ari gorar maƙwabta na ƙetara. Malam Mai Agogo yana shigowa aji ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Wa ya shigo mini da kifi?"

Ya bi benci-benci har ya iso kaina. Ya ɗaga littafin da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera.

"Mene ne wannan?"

"Malam, gorata ce ta fashe a ruwa. Innata ce ta busar da shi."

"A ina?"

"A banda, Malam."

Ya maimaita, "A banda!" Sai aji ya fashe da dariya, har da 'ya'yan da iyayensu ma masunta ne. Na ce, "Malam, duk ana karantawa. Ka buɗe ko'ina in karanta maka." Wallahi da ya buɗe da na karanta, da ka ma zan iya kawo masa. Bai buɗe ba. Ya wurga shi ta taga ya faɗa taɓo, ya ciro hankici ya goge yatsunsa.

"Masunta! Abin da kuka sani ke nan. Na faɗa tun farko. Na cire ka."

A ranar yara suka raɗa mini Habu Banda. Har yau a kasuwar kifi, in ba haka ka ce ba, babu wanda zai gane wa kake nema.

Na tsamo littafin na koma gida. Ban yi niyyar gaya wa Inna ba, amma ta ga taɓon da ke jikinsa. Washegari da sassafe ta zaɓi manyan tarwaɗa, waɗanda ta ware don kasuwa mai zuwa, ta ɗaure a ganye. Ta ɗora busasshen zanenta a ka, matar da ba ta taɓa taka harabar makaranta ba ta kwanta a kan gora ta ƙetara, ina biye da ita da iyo. Ta sake zane a bayan wata bishiya, ta je ƙofar ofis ta cire takalmi ta durƙusa. Malamai suna zaune a baranda, yara suna leƙe ta tagogi.

"Ranka ya daɗe, Malam, na zo ne a kan yaron nan."

"Wane yaro?"

Ina tsaye a bayanta, yana ganina sarai. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wannan."

"Yara ne cike da makarantar nan. Shi ba shi da suna?"

Wani malami ɗan ƙasarmu, Malam Isa, ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ɗan farinta ne."

"To sai me? Nan makaranta ce, ba tsakar gida ba. In uwa ba ta san sunan ɗanta ba, ni ne zan sani?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na ga yatsunta suna tonon ƙasa. Na so in ce mata ta tashi mu tafi, bakina ya ƙi buɗewa. Can ta ja mayafi ta rufe bakinta ta ce, "Habu."

"Ban ji ba."

"Abubakar," in ji ta.

Ranar ce farkon jin sunana a bakin mahaifiyata, kuma ita ce ta ƙarshe. A durƙushe, a gaban maza, yara suna ƙyalƙyala ta taga. Tir da wannan rana!

Ta ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe, ba nasa ba. Rashin sani ne. In hukunci ne a yi mini, a bar shi ya yi jarrabawarsa." Ta tura ƙunshin kifin gabansa.

Ya dubi agogo. Ya kira wani yaro ya ce a kai ƙunshin gidansa. Ya ce wa Inna, "Je ki, za a duba."

Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To shi ya ci, bai yi ba. Kifin da za a ba mu gero da shi ya shiga tukunyarsa, warinsa bai dame shi ba a miya. Na yi ta zuwa ina zama a bayan aji, ina jiran a duba, har ranar da mota ta zo ta kwashi zaɓaɓɓun zuwa Haɗejiya. Ina cikin ruwa ina tsinkar bado na ji ƙararta.

Da ruwa ya janye Baba ya dawo, ya rame, da ɗan abin da ya samo. Aka ba shi labari, ya ce, "Ai dama ruwa ne gadonmu." Ya miƙo mini filafilin tuƙa jirgi. Littafin nan a jirgi na ƙarasa shi, na sake, na sake, har ya zama tsumma. Ɗan Turancin da nake karanta takardar asibiti da shi yau, daga cikinsa na samo.

Inna kuwa ba ta sake taɓa takarda ba. Ko laya ce aka kawo sai ta ce a ba wani ya riƙe. Na yi aure, na dawo birni, na gina mata ɗaki, ta ƙi barin tunga. Duk sanda na kai mata ziyara da sabon zane ko buhun shinkafa, sai ta ce, "Da yanzu a ofis kake." In ce mata, "Inna, ba ki yi laifin komai ba, ke kika ceci littafin nan." Ba ta taɓa yarda ba. A ciwonta na ajali, ina riƙe da hannunta, ta ce, "Kai, ka yafe mini littafin nan. Ni na ɗauka duk abin da ruwa ya taɓa, hayaƙi ne maganinsa."

Da wannan ta tafi. Liman ya sha gaya mini cewa mai yafiya shi ne babba, kuma na ji labari Malam Mai Agogo ya daɗe da rasuwa. Ina cewa Allah ya ji ƙan musulmi baki ɗaya. In ya shiga ciki, to, ba ni na hana ba. Amma in ware shi in ambace shi, bakina ya ƙi har yau.

Duk wannan ne ya taso mini a gaban banda. Da zuciyata ta sauka na kira Jidda, ta zo tana tura baki. Na ce, "Kawo littattafan, amarya, mijinki ya tuba." Na sauke kifina, na rage wuta, na aika aka samo mini gashin zabo. Na yini ina ɗaga shafi ina juyawa, idona na zubar da ruwa, na ce wa mutanen gida hayaƙi ne.

Ranar da aka koma makaranta na sa babbar riga na ɗauki sandata. Uwar Jidda ta ce, "Baba, ina zuwa haka da sassafe?" Na ce rakiya zan yi. Faɗa na tafi nema, gaskiyar magana ke nan. Maganar da ban faɗa ba ina yaro, duk na jera ta a bakina, ina jiran wanda zai ɗaga hanci.

Malamarsu yarinya ce, ba ta kai 'yata ta tsakiya ba. Ajin cike maƙil, rabin yaran a ƙasa, ga shatin ruwa a bango. Jidda ta miƙa mata littattafan. Ta shinshina, ta yi dariya ta ce, "Jidda, yau miya za mu yi da su?" Na gyara riƙon sanda. Sai ta buɗe, ta bi shafi-shafi.

"Ikon Allah! Ko ɗaya bai manne ba. Na sauran yaran duk sun ruɓe. Je ki zauna, Jidda." Ta juyo wurina. "Baba, wa ya koya maka wannan dabarar?"

Na ce, "Innata."

"Allah ya saka mata da alheri. Lallai mace ce mai hankali."

Ta juya ta ci gaba da rubutu a allo. Shi ke nan fa. Je ki zauna. Abin da Inna ta ƙetara kogi a kan gora tana nema ke nan, ta ba da kifinta, ta ba da kunyarta.

Na fito ban san inda na nufa ba. Kabarinta yana tungarmu, tungar kuwa ta tashi tuntuni, ciyawar kacalla ta rufe wurin, ko jirgi ba ya shiga. Babu inda zan je in tsaya a kanta. Sai na tsaya nan bakin titi, da babbar rigata da sandata, na ce a fili, "Inna, an ce ke mai hankali ce."

Wani ɗan acaɓa ya danna mini hon ya ce, "Tsoho, matsa mana."